Ruwan Tekun da Kika Aiko wa Inna

Bungudu, Jihar Zamfara
Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Sabiru da yara, ya kuma ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma rumfarsa ta hatsi a Gusau sau uku a mako. Ruwa ya samu bana, geron gonarmu ta Kwatarkwashi ya fara fitar da kai. Inna tana fama da ɗan tarin damina, amma tana shan magani. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki, domin duk saƙon muryar da aka yi a gidan nan sai wani ya ji.

Na ga hotunan hutunku a ƙauyen masuntan nan na kusa da Ibeno. Ashirin da uku ne, da bidiyo huɗu, na ƙirga. Na ga kwalekwale jere a kan rairayi, da matan da ke banda kifi, da ke kanki tsaye ruwa na dukan ƙafafunki kin tattare zane. Na rubuta miki masha Allah, kuma har zuciya na faɗa, amma ba zan ɓoye miki ba, ranar ban iya cin tuwo ba. Yaya, shekara huɗu ina karanta labarin ƙasa a jami'a. Kundin kammala karatuna, shafi tamanin da shida, a kan yadda teku ke cin gaɓa na rubuta shi, alhali ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne gulbinmu idan ya cika a watan Agusta. Ke kuwa da kika riƙa ba ni taswirarki in zana miki tun muna sakandare, ke ce kika riga ni. A bidiyo na uku har kina cewa ruwan ya gudu da safe ya dawo da yamma, wai ko masuntan ba su san dalili ba. Sun sani. Wata ne ke jan shi, kusan sau biyu a kowane kwana. Na yi wa su Inna bayani, sai Zulai matar Kawu ta ce ai wadda ta gani da ido ta fi wadda ta gani a takarda. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Tsarabar da kika ba Malam Lawwali, direban nan na Tsafe, ta iso ranar Alhamis da hantsi, lokacin ina Gusau wajen karɓo takardun asibiti. Busasshen kifin ya zo lafiya. Farar jarkar nan mai lita biyar ce matsalar, wadda kika cika da ruwan teku don Inna ta gani, ba ki kuwa rubuta komai a jikinta ba. Malam Lawwali dai ya ce ruwa ne na musamman in ji Luba. Kin san a garin nan ruwa ɗaya ne ake ɗaukowa daga nesa a farar jarka, ga shi kuma Inna ta ji labarin surukarki ta dawo daga Umra. Sai ta ɗauka zamzam ne. Ta wanke ƙananan kofuna, ta aika aka kira maƙwabta, mata tara suka zo. Aka fuskanci alƙibla, aka yi bisimilla. Bakwai daga cikinsu suka haɗiye suka yi shiru saboda girmamawa, Zulai ma har ta shafa wa idonta. Hajiya Tambaya ce, da yake ta je Makka sau biyu, ta kurɓa ta ajiye kofin, ta ce wa Inna a hankali wannan ba shi ba ne, ko kanwa aka jiƙa ba ta kai haka ba.

Ba wanda ya cutu, sai idon Zulai da ya yi ja har la'asar. Amma Inna ta ji kunyar da ban taɓa ganin ta ji ba, kwana biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Da na dawo na ce mata kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram talatin da biyar, wato kamar cokalin shayi shida, kuma ba a shan sa ko a can. Ina ganin na yi gyara, ashe ɓarna na ƙara. Domin ranar Asabar takardar kirana ta bautar ƙasa ta fito, kuma Akwa Ibom aka tura ni, jihar da ƙauyen nan yake. Na karanta sunan sau uku kafin in yarda. Da na gaya wa Inna, ta ce ƙasar da ruwanta ke da wannan ɗanɗano ba za ta ba da 'yarta shekara guda a can ba, da me zan yi alwala, da me zan dafa abinci. Ga bidiyon nan na ƙarshe da igiyar ruwa ta ture ki kina salati, ta kalla ya fi sau goma. Baba bai ce a'a ba, amma ya ce wataƙila in haƙura in jira rukuni na gaba, ko Allah zai sa a tura ni kusa. Ya ce zai yanke shawara ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Sansanin horon kuwa Larabar mako mai zuwa za a buɗe, tafiyar kuma ta fi kilomita ɗari takwas ko a miƙe aka auna.

Saboda haka ina roƙonki ki kira Baba kafin Juma'a, tsakanin azahar da la'asar, lokacin rumfa ba cinkoso. Abu uku na ji yana tambayar Kawu: me mutanen wurin ke sha, akwai masallaci, akwai kuma mutanenmu. Ki gaya masa abin da kika gani kawai, kada ki ƙara gishiri don ki taimake ni, domin in ya kama ƙari ɗaya sauran ma ba zai yarda ba. A hoto na sha ɗaya akwai famfon burtsatse bayan rumfar masu kifi, ki nuna masa wannan. In ba ki ga masallaci ba ki ce ba ki gani ba, Yaya Sabiru ya tambayi 'yan kasuwarmu da ke Uyo, babban birnin jihar. Sannan ki kira Inna daban ki ba ta haƙuri, ki ce ke ce ba ki rubuta a jikin jarkar ba. Ni na faɗa ba ta ji, ke dai yanzu duk abin da kika ce game da ruwa shi ne gaskiya a gidan nan, kuma wannan ma yana ci mini rai, amma yau ina bukatarsa.

Roƙo na ƙarshe, kuma kada ki ji haushi. Ki daina turo mini hotunan, ki bar mini abin da zan gani da idona. In Baba ya amince na je, na san za ki ce ki raka ni ƙauyen tunda kin san hanya. Ki raka ni har tasha, ki gaya mini inda zan sauka. Amma ranar farko ina so in tsaya a bakin ruwan nan ba tare da wani a gefena yana cewa ai ranar da ya zo ya fi haka cika ba.

Ki gaishe mini da Yaya Sabiru, da Rahama da Khadija, da surukarki, Allah ya karɓi ibadarta. Baba da Kawu Umar suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ta ce kifin ya yi daɗi.

Ƙanwarki mai jiran Juma'a,
Mansura