Shayin da Babur Ya Sha

Laraba, bayan isha'i.

Yau ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba. Babur ɗin Yaya Sale ya mutu mini a tashar Ƙarfi tun safe. Na buga kiki har ƙafata ta yi tsami, na goge fulogi, shiru.

'Yan kabu-kabu suka zagaye ni, yau ranarsu ce. Iliya ya ce, "Alaramma, tofa masa addu'a mana!" Ɗan Asabe ya ce in sayo masa koko, wai yunwa ce. Ba wanda ya tura ni, duk na taɓa zare masu fulogi.

Bakanike ya kwance kabureta, ya ce ruwa ne fal. Nan na tuna. Jiya na cika kwalbar fetur da ruwan shayi don in ɗana wa Iliya tarko, na manta ta a zaure. Ashe Yaya ya juye ta a tanki da asuba, wai yana taimakona.

Dama ya rantse, in na ƙara tsokana ɗaya, zai karɓe makulli in koma gona. Yanzu ya ce gobe sai ya ci mutuncin mai sayar mana da mai. Ba zan bari a zalunci bawan Allah ba.

Na dai ciro fartanyata, duk ta yi tsatsa.