Butar Baba

Roni, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Muhammadu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. An gama yankan gero, dawa ce ta rage, 'yata Bahijja kuma ta warke daga zazzaɓin. Na rubuto ne saboda a waya ba na iya yi maka musu. Sai in ce to, in kashe, maganar ta yi ta cina.

Zancen Baba ne. Ka san tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama nake kai shi asibiti Kazaure wurin Malama Nafisat, mai koya wa masu irin ciwonsa motsa jiki. Na rubuta abin da ta ce don kada in ƙara ko in rage. Ta ce hannun bai mutu ba, mantuwa ya yi, kuma tausa da shafa mai kaɗai ba za su tuna masa ba, sai ya riƙa yin aikin da ya saba, yana maimaitawa kullum. Ta tambayi Baba wane aiki ya fi so ya dawo masa. Na zaci zai ce cin tuwo. Da ƙyar bakinsa ya haɗa kalmar, ya ce alwala. Sai ta ce a samo ƙaramar buta, a zuba ruwa rabi, ya ɗauka da hannun daman, kada kowa ya karɓa ko da ya zubar.

Yaya, ka san gidanmu. Tun muna yara Baba bai taɓa miƙa hannu ga buta wani bai riga shi ba. Amma da muka fara bin maganar Malama Nafisat, sai in zauna gefensa, in danne hannuwana da cinya, ina kallon mahaifina yana jiƙa wandonsa. Ya taɓa hararata ya ce ashe ɗan kallo ya haifa. Amma bai daina ba. Kafin ƙarshen damina yatsunsa sun fara kama butar, har wata Juma'a ya kai ruwa fuskarsa da tafin dama.

Ranar da Gwaggo Tasalla ta zo daga Gwiwa, ta tarar da shi a jiƙe, buta a kife, ni a zaune. Ta ce ko bare ba zai yi wa yayanta haka ba, boko ya cire min imani. Ita ta kira ka, kai kuma ka ce a daina wahalar da tsoho, a riƙa zuba masa. Na bi umarninka. Ban ga laifinku ba, ni ma abin yana min ciwo.

To yanzu yatsun sun koma sun dunƙule. Da ƙyar nake buɗe su in wanke tafin. Da Malama Nafisat ta duba, sai ta tambaye ni wa ke masa alwala, na ce mu muke zuba masa. Ta ce a watannin farko jiki ya fi karɓa, kuma suna ƙarewa. Ba ta yi min alkawarin komai ba. Wataƙila ko mun ci gaba hannun ba zai dawo ba, ya zama kunya kawai na ba shi a gaban jikokinsa. Ina yawan tunanin haka, ban san amsa ba.

Abin da na sani shi ne, jiya da la'asar na ajiye butar kusa da hannunsa na dama, na yi kamar ina neman wani abu. Ko kallonta bai yi ba. Ya miƙo hagu, ya kau da kai, yana jira a zuba. Na zuba.

Ina roƙonka ka janye maganar. Ka kira Gwaggo, kai take ji. Sannan ka ce wa Baba da bakinka ya ɗauki butarsa.

Ka gaida Anti Habiba, da Musaddiƙ, da Shahida. Sa'adiyya da yara suna gaishe ku. Butar tana nan gefen tabarmarsa da ruwa rabi, ina sabunta shi kowace sallah.

Ƙaninka,
Jalaluddeen