Tabaran Malam Bitrus

Gaisuwa daga sarkin direbobin Rogo zuwa ga Yaya Sani, iyali, har kajin gida! Ya aiki, ya yara?

Malam Bitrus, malaminmu na Zoza, ya rasu. Wata uku ke nan ya ban tabaransa da ya karye, don na cika baki na san mai gyara a Kano. Na jefa a mota na manta. In mun haɗu sai ya ce, "Ba gaggawa, Audu." A wajen gaisuwa matarsa ta ce tun daga lokacin 'yarsu ce ke karanta masa Littafi a coci. Yaya, kasa ɗago kai na yi.

Jiya na kai gyara, minti goma aka gama. A sa ni a addu'a, a gaida Kawu. Ka aiko min gidan tabarau mai kyau, ba zan miƙa wa matar Malam shi a leda ba.

Ƙaninka Audu