Ba Zanen Ɗaurawa Ba

Yelwa, Litinin, 4 ga Mayu, 1992

Zuwa ga 'yata Dorcas,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yau na tashi da sauƙi, gwiwar ce dai ta hana ni zuwa masallaci.

Akwatin Ƙungiyar Masu Zane ta Yelwa yana wurina, don ni ne magatakarda, kuma ni kaɗai na rage. A ciki akwai rajistar nuninmu goma sha ɗaya, da zane arba'in na garuruwan da ruwan Kainji ya cinye. Sha bakwai na aminina ne, marigayi mahaifinki Elijah. Ɗakina yana yoyo, gara kuma ta cinye shafin da na jera sunayen garuruwan, ni ko kaina ya daina riƙewa.

Da muka samu jiharmu, na rubuta wa wani ofis a Birnin Kebbi ko za su adana. Sun amsa cewa suna yaba wa masu zane, in aiko da turmi biyu su duba kyan saƙa. Sun ɗauka zanen ɗaurawa muke yi.

Ki gaida Innarki.

Babanki, Sanusi

Wara, 20 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka koma na gaske. Ban taɓa ganin zanen mahaifina ko ɗaya ba.

Ka sake rubuta masu, ka ce hoto, za su gane. Amma kada ka jira su. Makarantar da nake koyarwa ta ba da kabad a aji mai rufin kwano, zan zo in ɗauka in an yi hutu. Kafin nan ka baje su a ƙofar gida ranar kasuwa. Masu garuruwan ai ba su mutu duka ba.

Inna tana tambaya ko tsamiyar ƙofar gidansu ta fito a zanen tsohon garinsu.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka, Dorcas

Yelwa, Asabar, 27 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ofis ya gane, har suka ce jami'insu zai zo yau. Na shimfiɗa masa tabarma, na jingina zanen a bango.

Masunta suka fara tsayawa. Sai wata tsohuwa mai sayar da banda, Dudu, ta ɗora yatsa kan wani zanen mahaifinki, ta faɗi sunan garin, ta ce, "Malam, kai da iliminka ba ka gane mashigin jirginmu ba?" Nan fa gardama ta kaure, kowa na neman nasu. Kafin la'asar an ba ni suna talatin da huɗu. Na buɗe sabon shafi na rubuta: Nuni na goma sha biyu.

Saura shida, ƙila mutanen Ngaski, can wajenku, su san su. Ki ce wa Innarki tsamiya tana nan, har da turmi a gindinta.

Baƙon Birnin Kebbi dai bai zo ba. Dudu ce ta zauna a tabarmar.

Sai kin zo.

Babanki, Sanusi