Kujerar Hajja a Jirgin Norway

Haɗeja, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mustapha da jaririyarmu Kamila. Allah ya raya ta, ya ƙara miki lafiyar shayarwa. Mu nan lafiya lau, ruwa ya janye daga fadama, har an fara shukar alkama.

Maganar hutun da za mu zo yi wurinku ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da na sayar da shinkafar bana, sai na zauna lissafi, kuɗin jirgi da biza da rigunan sanyi da abinci. Ke kika ce mini a Oslo kuɗin shayi kofi ɗaya ya isa cefanen gidanmu na yini. Na juya ta nan, na juya ta can, kuɗin bai ɗauki mutum uku ba. Sai na cire mahaifiyarmu Hajja, na bar ni da matata Adila. Na ce wa Hajja sanyin ƙasar ba na tsofaffi ba ne, wai likita ma ba zai yarda ba. Ban tambayi wani likita ba, Ummu.

Ba ta yi musu ba, kin san halinta. Jiya na shiga gaishe ta, na tarar ta daka yajin jego ta ƙulle, ga kanwa a gefe. Ta zaunar da Adila tana koya mata yadda za ta gasa miki jiki da ruwan zafi, da yadda ake dama kunun. Ta ce haihuwar fari a gaban uwa ake wankanta, amma tunda Allah bai nufa ba, a yi miki a madadinta. Sannan ta roƙe ni in duba mata ko yarinyar ta ɗauko goshin marigayi Baba. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai. Ni dusar ƙanƙara zan je kallo, ita kuwa 'yarta take son gani.

Don Allah ki sa Mustapha ya sake takardar gayyatar, ya cire sunana ya sa na Hajja, Adila ta rako ta. Ban faɗa mata ba tukuna, don ban san da bakin da zan ce mata likita ya yarda ba.

Yara, Buba da Aisa, suna gaishe ku. Ki shafa mini kan Kamila.

Naki yayanki,
Haris