Sa Hannun Orval a Takardar Rushe Madatsa

Zuwa ga ƙanina Orval,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Darlene da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Oregon. Mu nan ƙalau muke, sai ciwon gwiwar maigidana Hollis da ya hana shi hawa tudun coci.

Orval, ka san garinmu Tolliver gidajen niƙa uku ne suka kafa shi a bakin rafin nan. Na sama ambaliya ta tafi da shi tun muna yara, na tsakiya ya ƙone. Saura namu, wanda kakanmu ya jawo duwatsunsa da shanu daga bayan tsauni, ya tare ruwa da madatsa don ya riƙa juya su.

Ranar Talata aka yi taro kan maganar hukuma ta rushe madatsar, wai don a faɗaɗa titi. Na miƙe a gaban kowa na ce gidanmu ba mai sa hannu, domin ƙanina ya yi mini alkawari a bakin kabarin Baba. Sai Delmer magatakarda ya ce in yi haƙuri, ya ɗaga wata takarda. Sunanka ne, da rubutunka, da kwanan watan Afrilu. Tun da rabonka na filin ne ke riƙe da bakin madatsar, magana ta ƙare. Wilma maƙwabciyata ta ja mini riga, tana cewa in zauna haka nan, baiwar Allah, an gama da ni tun ban zo ba.

A Afrilun nan fa ka kwana huɗu a gidana. Ka ci burodin masarar da na niƙa, har ka ce babu irinsa a duniya. Ashe da takardar a aljihunka kake ci.

Motocin rusau za su zo ran Litinin. Asabar zan buɗe ruwa in yi niƙan ƙarshe, duk mai masara ya kawo.

Ka gaida Darlene, da ɗanku Clyde, da ƙaramarku Opal. Hollis yana gaishe ka. Ni ce dai na ce ya gaishe ka. Makullin gidan niƙa da ke wurinka, ka aiko mini da shi, ba sai ka haɗo da wasiƙa ba.

Yayarka,
Lavina