Farin Salatif a Ƙofar Nadia

Saskatoon, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga Goggo Halyna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Kawu Dieter da su Katrin. Yaya gwiwar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana ke. Mu nan muna lafiya. An fara yankan alkama a wajen Wakaw, Mama kuma tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda kowa ya matse mata bakin pirohi, ɗan kwaɓin fulawar nan namu mai cushe, wai hannunmu duk na 'yan birni ne.

Goggo, ƙanena Orest ya sake sa hannu a wani kulob ɗin hoki, wasan nan na sanda a kan ƙanƙara. Wannan karon a Jamus ne, rukuni na uku, a wani gari da ba shi da nisa da ku. Maganar ba ta kammala ba sai likitansu ya duba kansa. Saboda wannan duban nake rubuto miki.

Ke kika saya masa takalman ƙanƙara na farko, don haka farkon labarin kin fi ni saninsa. Abin da ya biyo baya ne kika riƙa ji a guntu-guntu. Yanzu shekararsa talatin da shida. Ya buga hoki a Manitoba, ya buga a Texas da Alabama, ya tsallaka Norway, ya ƙare a Slovakia, babban rukuni kuwa bai taɓa taka shi ba. Aikinsa a ko'ina iri ɗaya ne: ya tsaya a gaban raga a yi ta dukansa, ko a matse shi da bango, don wani yaro mai sauri ya samu fili.

Akwai wata al'ada ta ɗakin canja kaya da ban sani ba ko ya taɓa gaya miki. Ɗan wasan da kulob ke sa ran zai daɗe, ana buga masa ɗan allon ƙarfe mai sunansa a saman mazauninsa. Wanda aka ɗauko don cike gurbi kuwa, mai kula da kaya ne zai yago farin salatif ɗin da ake naɗe sandar wasa da shi, ya rubuta sunan da baƙin alƙalami, ya manna. Ranar sallama yatsa biyu sun isa a ɓare. Orest bai taɓa samun ƙarfe ba. Duk garin da zai bari, shi yake ɓare nasa kafin wani ya riga shi, ya manna a cikin murfin akwatin kayansa. Sunan gidanmu ne, kowa da yadda ya rubuta shi: Halabura, Halabuda, Hallaburra, har da wani da ya gaji ya rubuta Harry kawai. Yakan buɗe wa baƙi su sha dariya, ya ce shi kaɗai ne a zuriyarmu ya yi suna a duniya, suna ma kala-kala.

A hunturun da ya wuce aka buge shi a ka a Slovakia, ba kuma shi ne na farko ba. Ya dawo da matarsa Colleen da 'yarsu Nadia, suka zauna a gidan marigayi Baba a Wakaw. Colleen ta samu aiki a makaranta. Nadia, mai shekara tara, ta gama zango ɗaya a aji ɗaya ba a ɗauke ta ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka ɗauka yawo ya ƙare.

Ranar Lahadi na je musu. Ina shiga kicin na ga farin salatif a jikin kowace durowa: kofuna, cokula, gishiri, magani. Na ce masa, Orest, gidan ubanmu ne wannan ko kanti? Ya ce, "Yawwa, ga edita ta zo, ke da kike cin abinci da gyaran rubutun mutane, duba min ko na yi kuskure." Ya ce yanzu kowa a gidan yana da mazauni kamar a kulob, har kare an manna masa nasa, kuma duk wanda bai yi ƙoƙari ba za a sayar da shi Alabama. Muka yi dariya, har da Mama. A saman ƙofar ɗakin yarinyar ma akwai guda, an rubuta NADIA.

Bayan mun ci abinci muna tsaye da shi a baranda ta ciki, sai yarinyar ta fito daga ɗakinta da wani zane za ta nuna masa. Ya yi murmushi, ya buɗe baki, sai bakin ya tsaya a buɗe. Idonsa ya hau saman ƙofa, ya sauko, sannan ya kira sunanta. Ban ga tsoro a fuskarsa ba, irin kallon da mutum ke yi wa agogon bango ne. Da ban tsaya a gefensa ba da ban lura ba, kuma tun ranar ko ina bakin aiki sai in ga idon nan yana hawa yana sauka.

Na kuma lura rubutun da ke ƙofar ba hannunsa ba ne. Muna wanke kwanoni na tambayi Nadia. Ta ce nasa ya faɗi saboda zafi, kuma kwanakin da babu shi Babanta ya riƙa ce mata Kyaftin. Goggo, haka yake kiran duk abokin wasan da bai riga ya riƙe sunansa ba. Shi ne ta hau kujera ta manna sabo. Ta roƙe ni kada in gaya masa, wai kada ya ji kunya.

Yanzu ga inda likita ya shigo. A farkon kowace kakar wasa ana yi wa ɗan wasa gwaji, a ba shi kalmomi ya maimaita, a auna saurin hannunsa da na idonsa, a ajiye sakamakon. Idan aka buge shi a ka sai a sake gwajin a kwatanta da na farko. In sun yi daidai, a ce ya koma fili. Shekarun baya Orest da bakinsa ya gaya min, yana dariya, cewa tun shekararsa ta farko tsofaffin 'yan wasa suka koya masa dabara: a gwajin farko ka mai da kanka dolo, ka manta kalma da gangan, ka yi nawa, don ranar da kanka ya jijjigu a ga ba abin da ya canja. Ya ce, "Yaya, duk Satumba ba wanda ya kai ni iya wauta." To idan likitan Jamus ya ɗauko tsohon sakamakon ya kwatanta, zai ga mutum lafiyayye. Abin da ya riƙa yi da wasa shi ne yanzu ya zama gaskiya, kuma takarda ba za ta iya bambancewa ba.

Na same shi a bayan gida, inda Baba yake zuba ruwa da hunturu ya daskare ya zama filin wasanmu. Na gaya masa abin da na gani. Bai musa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce shugaban kulob ɗin ya yi masa alkawarin shekara biyu, kuma a can kowa ƙarfe ake buga masa. Ya ce in bar shi sau ɗaya ya ga sunan Baba a jikin ƙarfe, an rubuta shi daidai. Na ce, in ka dawo ba ka gane kowa ba fa? Ya ce ai shi ya sa aka yi salatif. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya tambaye ni ko da mota na zo, alhali shi ya nuna min inda zan ajiye ta.

Colleen ta ce ita da Nadia ba inda za su. Amma ta ce ba za ta kira likitan ba, tana so ya kasance akwai mutum ɗaya a gidan da bai kai ƙararsa ba. Ban ga laifinta ba.

Saboda haka ke nake roƙo, Goggo. Kin iya harshensu, kuma garin kusa yake. Ki je ki ga likitan kafin ranar gwaji, ki gaya masa maganar gwajin Satumba da ta ƙofar Nadia. Na yi tunanin in rubuta masa da kaina, amma takardar baƙuwa a durowa take ƙarewa, dattijuwar da ta zauna a bakin ofis kuwa dole a saurare ta. Na san Orest zai ji haushinmu, wataƙila ya daina yi mana magana. Na gwammace ya yi fushi da ni yana sane da ko ni wace ce.

Da zan tafi na ga akwatin kayansa a bakin ƙofa, ya riga ya haɗa. Na ɗaga murfin. Sunayen nan suna nan a jere, sun yi rawaya, gefensu ya nannaɗe. A can ƙasa akwai sabo fari tas, da hannun yarinyar. Ta rubuta NADIA, a ƙarƙashinsa kuma da ƙananan baƙaƙe, 'yarka. Na mayar da murfin.

Mama tana gaishe ki, ba ta san na rubuto ba. Colleen ma tana gaisuwa. Ki gaida Kawu Dieter, ki gaida Katrin da maigidanta da jaririn. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki 'yar ɗan'uwanki,
Lesia

Ƙari: jirginsa ranar Talata ne, gwajin kuma Alhamis. Na tambayi kulob ɗin ko sabon gwaji za su yi masa daga tushe ko da tsohon sakamakon za su kwatanta. Har yanzu ba su ba ni amsa ba.